Warden ya hana ni ɗebo daimon a Minecraft

Salamu alaikum 'yan uwa. Daga Nima nake, a waya nake buga Minecraft. Kwana uku ina haƙa har na kai zurfin Y -58, inda daimon ya fi yawa, sai ramina ya ɓulla cikin Deep Dark, wani yanki mai duhu a can ƙarƙashin ƙasa. Ga daimon shida a bangon kogo ina kallonsu, digar ƙarfe na hannuna, amma da na fara sara sai shrieker (bulon da ke kiran Warden) ya yi ihu, duhu ya rufe ni, Warden, makahon dodon da ke bin ƙara, ya fito. Sau biyu yana kashe ni, kayana duk sun ɓace.

Ƙanina ya ce in shimfiɗa ulu in bi a sanɗa don kada a ji motsina. Na yi, amma ƙarar sarar dutsen fa? In fara fasa shrieker ɗin ne, ko in haƙo ta bayan bango? Don Allah wanda ya taɓa yi ya taimaka.