Jama'a, wane suna za mu ba horehound da Hausa?

Tun jiya nake fama da sunan wani tsiro, Turawa na ce masa white horehound, masana tsirrai kuma Marrubium vulgare, sunan da masanin tsirrai Linnaeus ya tabbatar masa tun 1753. Asalinsa Turai ne da arewacin Afirka da wani yanki na Asiya, kuma ba wanda ke wahalar shuka shi, kansa yake fitowa a gefen hanya da kufai da busasshiyar ƙasa. Dangin na'a-na'a ne, karansa kusurwa huɗu, ganyen a yamutse da wani farin gashi-gashi a jiki, furen ƙanana farare sun zagaye kara a gindin ganye. Ga ɗaci kamar me.

Wani ya ce min kawai a ce "farin ganyen kare" tunda ya ga hound, wato kare, a ƙarshen kalmar. Malam ai nan ne tarkon, babu kare a cikin asalin sunan, tsohon Turanci ne, kuma hore ɗin nan daga hoar yake, wato fari-fari irin na furfura. Abin dariya Larabawa ma akwai masu ce masa hashishatul kalb, to amma mu wa zai yarda ya sha ciyawar kare don tari?

Don tari ai aka fi saninsa da shi. Tun zamanin Rumawa ake dafa shi don tari da majina, a Amurka har alawar tsotsa ake yi da shi, kuma ɗacin nan daga wani sinadari ne mai suna marrubiin. A Jamus hukuma ta amince da shi don rashin cin abinci da kumburin ciki, su kuwa hukumar magunguna ta Amurka a 1989 cewa suka yi ba su ga isasshiyar hujja a kan maganar tari ba. Shi ya sa ban yarda da wanda ya kawo "maganin tari" ba, in muka sa masa wannan suna mun yanke hukuncin da masu bincike ba su gama yankewa ba, ga shi kuma tsirran tari sun fi a ƙirga.

"Na'a-na'a mai ɗaci" ta ɗan kwanta min da farko, dangi ɗaya ne, amma ba shi da wannan ƙamshi mai sanyi, wanda ya ji sunan zai zaci na'a-na'a ce ta lalace. Wani kuma ya ce ƙarangiyar Bature, wai don a Ostareliya ya zama annoba, 'ya'yansa na maƙalewa a gashin tumaki suna ɓata ulu. Gaskiya ne, amma ƙarangiya ciyawa ce, ba su haɗa komai ba.

Saura biyu. Aron Larabci, farasiyun, wanda ke cikin littattafan ɗibbu, mai karanta su zai gane nan take. Sai nawa, furfurau, irin yadda muke cewa mantau da makarau, ya ɗauko ma'anar asali kuma da ka ga ganyen ka san dalili. Matsala ɗaya, akwai black horehound, Ballota nigra, mai wari, "baƙin furfurau" kuwa ba ya shiga kunne ko kaɗan. To ai ba jinsi ɗaya ba ne, shi ya nemi nasa sunan.

Ni dai furfurau zan rubuta, in haɗa da farasiyun a ambaton farko. Mai gyara ya kawo kafin in tura aikin.