Me ya sa yarjejeniyar 2002 ba ta hana rikici a Kaduna ba?

Mazaunin Kawo:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga magabata. A watan Agusta na 2002 malaman Musulunci da limaman Kirista sun rattaba hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna, amma cikin Nuwamba na wannan shekarar sai rikicin gasar sarauniyar kyau ta duniya ya ɓarke. Shin irin waɗannan takardu suna da amfani kuwa?

Malama daga Barnawa:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, takardar ba ta da laifi, sai dai ta tarar da gari ya riga ya rabu. Bayan rikicin shari'a na 2000 jama'a sun yi ta ƙaura, har Kogin Kaduna ya zama kamar iyaka: Musulmi suka fi yawa a Tudun Wada da Rigasa, Kiristoci kuma a Sabon Tasha da Narayi. Yaron da ya tashi bai taɓa yin makaranta ko cin kasuwa da ɗan wancan ɓangaren ba, duk jita-jitar da aka kawo masa zai gaskata, kuma shugabannin da suka sa hannu ba sa wurin a daren da ake yaɗa ta.

Dattijo daga Tudun Wada:
Malama ta yi gaskiya, amma kada a ɗora wa addini komai. Rikicin Zangon Kataf na 1992 a kan sauya wa kasuwa matsuguni ya faro, ga tsohuwar taƙaddamar filaye da sarauta a ƙarƙashinsa. A rikicin wancan lokacin Fasto James Wuye ya rasa hannu, Imam Muhammad Ashafa kuma ya rasa malaminsa, amma daga baya suka haɗu suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai, kuma suna cikin waɗanda suka tsaya aka yi yarjejeniyar da kake magana a kanta. A ganina babban giɓin shi ne rashin hukunci, domin sau da yawa akan kafa kwamitin bincike, a miƙa rahoto, daga nan shiru.

Mazaunin Kawo:
Na gode, Baba. To, tunda gwamnati ta kafa Hukumar Zaman Lafiya ta jiha a 2017, ina ganin ya kamata masu unguwanni da shugabannin matasa na ɓangarorin biyu su san juna tun kafin fitina ta taso, yadda kowa zai iya kiran ɗan uwansa a waya ya tantance labari kafin a fito titi.