Dan Allah wace kalma zan sa wa trauma? Gobe ake ɗaukar shirin

Hajara Ƙofar Doka:
Assalamu alaikum jama'a, taimako nake nema cikin gaggawa. Ƙungiyarmu ta mata ta samu fili a gidan rediyo kan illar karuwanci da safarar mata da fina-finan batsa, gobe ƙarfe goma za a ɗauka, ni aka ba fassarar takardar. Kalmar safarar mutane ba ta ba ni matsala ba tunda haka ake faɗa a labarai in an ambaci NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane ta Najeriya, batsa kuma kowa ya sani. Inda na cije shi ne kalmomin Turanci trauma da PTSD, wato ciwon da ke biyo bayan mummunan abin da ya samu mutum. Takardar ta dogara ne da binciken Melissa Farley, masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, wanda ita da abokan aikinta suka fitar a 2003, sun yi hira da mutum 854 da ke cikin karuwanci a ƙasashe tara har da Afirka ta Kudu da Zambiya da Jamus da Tailan, kashi 68 cikin ɗari suna da alamun PTSD, kashi 63 an yi musu fyaɗe, kashi 89 sun ce suna son su fita. Toh wannan kashi 68 ɗin me zan ce yana damunsu? Matan Gyallesu da Tudun Jukun da ƙauyukan Giwa nake so su ji, ba 'yan jami'a ba.

Bello Samaru:
Wa alaikumussalam. Taɓin hankali mana

Hajara Ƙofar Doka:
A'a Bello, ina furta wannan an gama. Dama ana kiranta karuwa, sai in ƙara mata da mahaukaciya? Ina son kalmar da mai sauraro zai ji ya gane cewa yi mata aka yi.

Anti Ladi:
Hajara ƙanwata kin yi daidai. Ni nas ce, mai wannan ciwon yana cikin hankalinsa sarai, abin da ya faru ne yake ta dawo masa a mafarki ko ido biyu, yana gudun duk abin da zai tuna masa, barci ya gagara, ƙofa ta yi ƙara ya zabura. A 1980 likitocin Amurka suka sa sunan a littafinsu bayan sojoji sun dawo daga yaƙin Biyetnam, sai wata likitar ƙwaƙwalwa a Amurka, Judith Herman, a 1992 ta nuna cewa matan da aka yi wa fyaɗe da waɗanda ake duka a gida ciwonsu iri ɗaya ne da na sojojin nan. A wajenmu kuwa yarinya ta dawo daga Libiya tana ihu cikin dare sai a ce iska ce a tafi ruƙiyya, ban hana addu'a ba wlh, amma ba mai zama ya tambaye ta me aka yi mata a hanya. Ni dai firgici nake ce wa marasa lafiya kuma suna ganewa.

Usman PZ:
Ɗimuwa fa?

Anti Ladi:
Ɗimuwa tana wucewa, wannan yana iya shekaru.

Malam Tanimu:
Ku saurara. Trauma daga Girkanci take, ma'anarta rauni. Firgici alama ɗaya ce kawai cikin alamun, bai kamo tushe ba. Abin da na daɗe ina koya wa ɗalibaina shi ne GYAMBON ZUCI. Gyambo ciwo ne da ya ƙi warkewa, kuma in kin ɗauke shi kin samu fami kyauta, wato duk abin da ya tuna mata ya fame mata ciwon. Ba Bahaushen da zai nemi ƙarin bayani.

Hajara Ƙofar Doka:
Allah ya gafarta Malam, fami ɗin nan ya shige ni, na ɗauka yanzu yanzu. Gyambon ne nake jinjinawa.

Anti Ladi:
Malam gyambo yana wari, ƙyamar mai shi ake yi. Matan nan ƙyama ce ta hana su zuwa asibiti tun farko. In rauni ake so a ce miki.

Malam Tanimu:
Miki yana warkewa cikin sati biyu Hajiya. Gyambon zuci, ku maimaita a baki ku ji yadda ya zauna.

Ustaz Nura:
Larabawa sadma suke cewa, me zai hana a aro? Da mu aro daga Turawa gara daga nan.

Malam Tanimu:
Ba daga Turawa ba daga Larabawa, muna da abinmu.

Abba Kano:
Da girmamawa Malam, ban taɓa jin gyambon zuci a wata kafa ba, tsananin damuwa ake cewa. Kuma daidaitacciyar Hausa a kan Kananci aka gina ta, Zage-zagi da ke cewa rigan shi da matan shi ku fara gyara jinsi tukun kafin ƙirƙirar kalma.

Malam Tanimu:
Yaro a ina aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939? A Kano? Kamfanin Gaskiya a nan Zariya aka kafa shi. Rubutun bokon da kake taƙama da shi a Zariya aka raine shi, a nan aka zauna aka yi ta ƙirƙirar kalmomin da kakanka ya karanta a jarida.

Abba Kano:
Editan ma Abubakar Imam ai ba Bazazzage ba ne, a Kagara aka haife shi.

Bello Samaru:
Amma a Zariya ya zauna ya yi aikin ko?

Hajara Ƙofar Doka:
Dan girman Allah ku bari. Magana nake kan yaran da ake yaudara da aikin aikatau a bi da su ta Agadas, kun koma Kano da Zazzau. Abba, tsananin damuwa na riga na sa shi a wurin depression, ba zan maimaita ba.

Dakta Rabi:
Hajara abu biyu. In kin zo karanta alƙaluman nan ki ce cikin waɗanda aka yi hira da su, kar ki ce duk matan da ke karuwanci, domin masana irin su Ronald Weitzer sun soki yadda aka zaɓo mutanen, suna ganin an fi karkata ga waɗanda suka fi shan wahala. Wannan bai rage nauyin abin da matan suka faɗa ba ko kaɗan, amma gara ki faɗe shi daidai kar wani ya samu ƙofar ƙaryata ki gaba ɗaya. Na biyu, Farley da masu ra'ayinta da gangan suke ƙin cewa sex worker, a wajensu cin zarafi ne ba sana'a ba, saboda haka mata masu zaman kansu ba zai fassara ta ba. Ki ce matan da aka jefa cikin karuwanci. Kalmominki kuwa ki raba su biyu, mikin zuci na trauma, ciwon firgici bayan bala'i na PTSD.

Anti Ladi:
Na yarda da Dakta.

Abba Kano:
Ya yi tsawo, kuma zuciya ce ba zuci ba. Amma dai ya fi gyambo.

Malam Tanimu:
Miki bai kai ba, har gobe ina kan bakana. Ku sa abin da kuke so, tunda an ɗauki fami na yi shiru, amma a ajina gyambon zuci zan ci gaba da koyarwa.

Hajara Ƙofar Doka:
Na gode Malam, na gode kowa. Na sa na Dakta. Saura ɗaya da na tsallake, dissociation, inda matan ke cewa a lokacin da abin ke faruwa sai su ji kamar sun fita daga jikinsu suna kallo daga gefe, jikin ya zama kamar ba nasu ba.

Usman PZ:
Toh nan ne ɗimuwa za ta shiga

Anti Ladi:
Ba ta shiga ba Usman, mai ɗimuwa hanya ce ta ɓace masa. Hajara kar ki ce ficewar hayyaci ma, za su ɗauka suma ce. Ki faɗe shi yadda kika rubuta mana yanzu, in ya so bayan shirin a zauna a nemo masa suna.