Ɗakin da ake haɗa allura: wane suna ya dace da shi?

1/ Masu harhaɗa magani da malaman Hausa, ku matso kusa. Duk lokacin da aka taso da zancen kafa masana'antun rigakafi a Afirka sai ka ji kalmar nan ta Turanci, cleanroom. Masu fassara sukan ce "ɗaki mai tsafta" su wuce abinsu. Ni dai wannan suna bai kwanta mini ba.

2/ Ɗakin amarya ma ai mai tsafta ne. An share, an goge, an turara. Amma ka rufe taga ka bar 'yar kafa rana ta ratso, ka ga abin da ke shawagi a cikin hasken. Wanda ka gani ɗin ma manyan ne. A iskar ɗaki irin namu, ƙurar da girmanta ya kai rabin maikiron (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) takan kai kusan miliyan 35 a kowace mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi. Silin gashin kanka ya ninka irin wannan ƙura kauri fiye da sau 100.

A ƙa'idar Tarayyar Turai ta haɗa magungunan da ake tsirawa a jiki, wurin da ake ɗura magani a kwalba, wato mataki na A, ba a yarda ƙurar ta wuce 3,520 a wannan ma'auni ba. Ƙwayar cuta kuwa ko ɗaya ba a so ta tsiro. Tsintsiya ba ta kai mutum nan.

3/ Wani ya kawo "ɗakin tsarki". Sunan na da nauyi, na yarda. Sai dai tsarki a bakinmu ya riga ya tafi wajen buta da alwala, kuma wanda ya yi tsarki cikakke yana iya shiga ya lalata maganin miliyoyi da atishawa ɗaya. A bar wa malaman fiƙihu kalmarsu.

"Ɗakin killace" kuma korona ta cinye shi. Da ka faɗa, sai a zaci mara lafiya aka kulle a ciki.

4/ Abin da nake ba da shawara shi ne ɗakin tatacciyar iska.

Dalili, haka ɗakin yake aiki. Ana turo iska daga sama ta cikin matata mai suna HEPA, wadda ke kama kashi 99.97 cikin 100 na ƙurar da ta kai maikiron 0.3. Iskar na gangarowa ba tsayawa, tana kwashe duk abin da ya tashi ta fice da shi ta ƙasa. Ana kuma sa ƙarfin iskar ciki ya ɗara na ɗakin da ke maƙwabtaka da shi, don idan an buɗe ƙofa ta ciki ce za ta fita, ta waje ba za ta shigo ba. Wani masani Ba'amurke, Willis Whitfield, shi ya fito da wannan tsari a farkon shekarun 1960 a cibiyar bincike ta Sandia. Mu kuwa tun da can muna tace koko, muna tace ruwa, muna da matatar mai a Kaduna. Ba sai an yi wa kowa dogon bayani ba.

5/ Me ya sa na damu da suna haka? Saboda waɗanda za a koyar.

Afirka na haɗa kimanin kashi 1 ne kawai cikin 100 na rigakafin da take amfani da shi, kuma Tarayyar Afirka ta sa burin kaiwa kashi 60 nan da 2040. Kamfanin magunguna na BioNTech ya buɗe masana'anta a Kigali a Disamban 2023, cibiyar Pasteur ta Dakar ta daɗe tana haɗa rigakafin cutar shawara, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta zaɓi Koriya ta Kudu a 2022 a matsayin cibiyar horar da ma'aikatan wannan fanni. Gini da injina kuɗi ne ke sayen su. Mutumin da zai tsaya sa'o'i a rufe ruf, yana motsi a hankali, ba ya sosa hanci, shi sai an raine shi. Kuma yawancin irin waɗannan ma'aikata ba farfesoshi ba ne, matasa ne masu difloma ko digirin farko, irin waɗanda ke fitowa daga Zariya da Kano da Sakkwato kowace shekara.

6/ Ku dubi wannan lissafi, shi ya fi komai ba ni mamaki. A mataki na B, wato ɗakin da ke kewaye da mataki na A, idan ba kowa a ɗakin, iyakar ƙurar 3,520 ce. Da ma'aikata sun shiga sun fara aiki, iyakar da aka yarda da ita ta koma 352,000. Ninki 100, alhali kowa na sanye da rigar da aka kashe wa ƙwayoyin cuta, da hula, da takunkumi, da gilashin ido, da safar hannu biyu. Ba agogo, ba zobe, ba hoda, ba jan baki. Idan an gama, ma'aikaci zai dangwala yatsunsa biyar a wani faranti mai abincin ƙwayoyin cuta, a ajiye shi kwanaki a ga ko wani abu zai tsiro. Idan ya tsiro, akwai tambayoyin da zai amsa.

Yaron da aka ce masa "ɗaki mai tsafta" zai ɗauka aikin masu shara ne. Wanda aka ce masa iskar ce aka tace, ya san da numfashinsa da ɓawon fatarsa yake ɓata ta.

7/ Abin ya fi tsanani a sababbin magungunan nan da ake yi da ƙwayoyin jikin mara lafiya. A Nuwamban 2023 Birtaniya ta amince da maganin Casgevy don masu sikila, cutar da babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan haihuwar masu ita. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin mutum, a gyara su, a mayar masa. Abu ne mai rai, ba a iya dafa shi ko gasa shi a ƙarshe don kashe ƙwayoyin cuta kamar yadda ake yi wa ruwan ƙari. Idan hannun ma'aikaci ya gurɓata shi, na mutum ɗaya ne tak, sai a koma a sake ɗiba. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2, wannan kuma zancen wata rana ne.

8/ Na san abin da za ku ce: sunan ya yi tsawo, kuma bakin ma'aikata "kilinrum" zai kama, yadda tiyata da asibiti suka zauna daram. Ba musu. A bakin aiki su faɗi wanda ya zo musu, ko su gutsure shi ya koma "ɗakin tace". Amma a littafin koyarwa da labaran rediyo, a sa cikakken.

9/ Saura ɗaya da ban warware ba: yadda ake sa kayan nan bi da bi kafin shiga, wanda har jarrabawa ake yi a kansa kafin a bar sabon ma'aikaci ya taka mataki na B. "Sa kaya" ya yi sauƙi da yawa, "shirin shiga" nake taunawa. Malaman tiyata, ku me kuke ce masa a wajenku?