"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba": hujja ce ko toshe baki?

Ɗan Wunti: Assalamu alaikum. Jiya aka rufe min baki da wannan karin maganar, har yanzu ban huce ba. Kawuna ne ya tara mu, yana so a zuba kuɗin hayar gidan gado a wata harka da aka ce kuɗi na ninkuwa cikin wata uku. Na ce, Kawu, me suke saye, me suke sayarwa, ribar daga ina? Sai ya jefo min ita. Kowa ya yi tsit.

Hajiyar Yelwa: Ɗana, bi a hankali, magabata ba su yi ƙarya ba. Mahaifiyata kan ɗaga kai ta dubi gabas ta ce a kwashe shanya, mu muna dariya don rana tsaka, kafin la'asar ruwa ya tsuge.

Tsohon Malami: Hajiya, misalinki ya raba gardamar. Mahaifiyarki ta ga damina fiye da hamsin, a fagenta take magana. Shi kawun damina nawa ya yi a harkar ninka kuɗi? Ku lura, cewa aka yi abin da babba ya hango. Sai ya hango ɗin tukuna, furfura kaɗai ba ta hange. Aristotal, masanin falsafa na Girka, a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce da abu uku ake shawo kan mutum: mutuncin mai magana, motsa zuciyar mai sauraro, da hujjar da ke cikin zancen. Kowanne na da muhallinsa. Ɗan Wunti hujja ya nema, aka miƙo masa mutunci.

Na Azare: Malam ya kai mu Girka, mu ko Darazo ba mu wuce ba. Amma na tabbata kawun ya ce rabin unguwa sun shiga.

Ɗan Wunti: Wallahi ya faɗa! Wai sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Da na nace sai ya ce, kai da ko aure ba ka yi ba me ka sani? Ya ƙare da cewa so nake marayun gidan su mutu da talauci.

Tsohon Malami: To ka faɗa rami uku a dare ɗaya. Sarkin yawa a aikin gayya yake sarauta, wajen ɗaga jinka ko nome gona. Mutum dubu su yarda da lissafin da ya karkace, ba zai miƙe ba. Zancen aure kuwa, an bar maganarka an koma kanka, kuma gwauro ma ya iya ƙirga kuɗi. Na marayun ya fi zafi, don tausayi gaskiya ne, sai dai an ɗora maka abin da ba ka faɗa ba. Kuma tambayar manya ba baƙon abu ba ne a garin nan. A dandalin muhawara na Bauchi, wajen 1943, Malam Aminu Kano yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, yana koyarwa a makarantar Midil, shi da Sa'adu Zungur da Abubakar Tafawa Ɓalewa suke tattauna yadda En'e, wato hukumar sarakunan gargajiya, ke mulki.

Hajiyar Yelwa: Na ji, Malam. Amma kai ma Ɗan Wunti da naka laifin. Ka titsiye dattijo gaban matansa da 'ya'yansa, me kake so ya yi in ba ya ɗauko rimi ba? Ai ko ya gane gaskiyarka ba zai sauko a wurin ba.

Na Azare: Hajiya ma ta iya Aristotal ɗin, karanta shi ne kawai ba ta yi ba.

Ɗan Wunti: Gwaggona ce kaɗai yake jin maganarta, don ta girme shi da shekara shida. Gobe bayan Magariba zan kai mata lissafin a takarda. Ko me zai ce in ita ta karanto masa karin maganar?