Miyar kuka ba daddawa, miyar Hausa ce kuwa?

Malam Sani, Zariya: Jama'a, ina nan a kan bakana. Miyar kukar da aka yi da Maggi zalla, babu daddawa, ba miyarmu ta gado ba ce. Koren ruwa ne kawai.

Hajiya Rabi, Kano: Haba Malam! Kai da kake zuwa ka tarar an kwashe tuwo, ka san wahalar daddawa kuwa? Kalwa sai ta kwana a kan wuta, a surfa ta da toka, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta kwana biyu ko uku har ta ruɓa, sannan a kirɓa, a shanya. Wace yarinya ce za ta yi wannan a gidan haya, maƙwabta na toshe hanci?

Malam Sani: Hajiya, ban ce kowa ya yi da hannunsa ba. A saya mana. In aka daina saye, tsofaffin da ke yi za su ajiye sana'ar, ga masu gawayi suna ta sare ɗorawa.

Ummaru, Maraɗi: Mu a nan har da daddawar batso muke sawa, ta gurguzu, warinta ya fi na taku. Amma Malam, ina da tambaya. Gyaɗa, barkono, tumatir da masara duk daga nahiyar Amurka suka zo. Yau wa zai ce ƙuli-ƙuli ko tuwon masara ba namu ba ne?

Malam Sani: Gyaɗa mu muke shuka ta, matanmu ke matse man. Maggi kuwa kamfanin Nestlé na Suwizalan ke da shi. Kuɗin daddawa hannun matar ƙauye yake shiga, na Maggi fa?

Bilkisu, Kaduna: Baba Sani, ka manta tsada. Wata daddawar kasuwa yanzu ta waken suya ce, saboda kalwa ta yi wuya. Ita ma za ka kore ta?

Malam Sani: Wannan kam, da babu gara ba daɗi.

Hajiya Rabi: Ni dai duka biyun nake sawa, daddawa don ƙamshi, Maggi ɗaya don yara su ci ba gardama. Kuma Malam, tuwon da ka yaba ranar sunan jikata, akwai Maggi a miyar.

Ummaru: To Malam, a ba mu amsa.

Malam Sani: An kira sallah, sai na dawo.