Mutum-mutumin da ke rikiɗa ya zama mota: da me ake auna kyawun ƙirarsa?

Ɗan Ƙofar Marusa, Katsina

Assalamu alaikum. Shekara huɗu ke nan ina tara kayan wasan Transformers, wato mutum-mutumin nan da ake nannaɗewa ya koma mota ko jirgi, kuma yanzu ina da goma sha ɗaya. Bakwai daga ciki a tulin kayan masu gwanjo na tsinto su, sauran kuma wani abokina da ke karatu a Malesiya ne ya taho mini da su. Na daɗe ina tanadin kuɗi domin in mallaki Optimus Prime, wato jagoran jaruman Transformers, guda ɗaya daga jerin Masterpiece, wanda kamfanin Takara na Japan ya fara fitarwa a 2003 saboda manya masu tarawa, amma na tsaya tsakanin samfurinsa biyu: MP-10 na 2011 da MP-44 na 2019. Na farkon ya fi sauƙin juyawa, na biyun kuwa an ƙera shi ne ya yi kama da zanen katun ɗin 1984 ƙwarai da gaske. Tambayata ga waɗanda suka riga ni a wannan harka ita ce, da me kuke auna ƙira mai kyau? Da siffar motar, ko da siffar mutum-mutumin, ko kuwa da yadda ɗaya ke komawa ɗaya?

Bakanike, Daura

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ni motar nake fara dubawa, kuma ba don sana'ata kaɗai ba, tarihin abin ne ya nuna haka. Kafin kamfanin Hasbro na Amurka ya tattaro su a ƙarƙashin suna ɗaya a 1984, yawancin kayan nan Takara ne ya ƙera su a jeri biyu, Diaclone da Micro Change, kuma abin da maƙeran suka sa a gaba shi ne yaro ya ga motar da ya sani a titi, ko wani abin amfanin gida, bai yi zaton akwai komai a ciki ba. Optimus Prime kan tirela ne ja, Bumblebee ƙaramar Volkswagen ce mai siffar kunkuru irin wadda iyayenmu suka hau, Soundwave kuwa rakoda ce, har ƙirjinsa na buɗewa a zaro kaset, kaset ɗin ya miƙe ya zama tsuntsu ko damisa. An sa musu ƙarfe na zubi a wasu sassa, da tayoyi masu laushi, shi ya sa idan ka ɗauki na lokacin za ka ji nauyinsa a hannu.

Abin da ya fi burge ni a tsohuwar ƙira shi ne gaskiyarta. Gilashin gaban tirelar nan shi ne ƙirjin Optimus, ba wani ba; bayan da ake ɗaura wa bodi shi ne ƙafafunsa; hannuwansa kuma daga gefen kan motar suke fitowa. Kana kallon mutum-mutumin kana iya nuna inda kowane sashe na motar ya tafi, kamar yadda nake kwance inji in san mazaunin kowane noti. A wasu sababbin kuwa sai a ƙera ƙirji na ƙarya mai kama da gaban mota, a tattara gaban motar na ainihi a ninke shi a goya masa a baya kamar ɗan koyo ya ɗauko buhu. Wannan a wurina ɓoyewa ce, ba rikiɗa ba, ko da kuwa fuskar ta fi kyau. Saboda haka tsakanin biyun da ka ambata, MP-10 nake ba ka shawara.

Ɗalibin Injiniya, Ƙofar Ƙaura

Baba Bakanike, ina girmama maganarka, amma ina ganin an yi wa tsofaffin nan sassauci da yawa. Optimus na 1984 da kake yabo, dunƙulen hannunsa cire su ake yi a ajiye gefe idan zai koma mota, sannan a sake cusa su a ramin fitilun gaba idan zai miƙe, kuma wannan ne dalilin da ya sa da wuya ka sami na gwanjo da hannuwansa biyu. Idan har goyon kaya a baya aibi ne, to cire sashe a ajiye a aljihu ya fi shi zama aibi, domin abin da aka raba shi da jikinsa ba a ce ya rikiɗa ba. Ban da haka, da yawa daga cikin na wancan zamani ba sa iya buɗe ƙafa ko karkata kai, sai dai su tsaya ƙiƙam.

Sai da jerin Transformers mai suna Beast Wars ya zo a 1996 ne mahaɗa mai ƙwallo ta zama ruwan dare, kafaɗa da ƙugu suka sami damar juyawa ta kowace fuska. Daga nan ne maƙeri ya shiga aiki mai wuya na gaske, domin dole sashe ɗaya ya yi aiki biyu, ya zama murfin inji da ke kulle daram a siffar mota, ya kuma zama gwiwa mai lanƙwasa a ɗaya siffar. MP-44 ya kai wannan tunani nesa, kuma duk wanda ya bi matakan juya shi a hankali zai ga lissafin da aka zuba a ciki.

Inda na yarda da kai game da aibin sababbin shi ne ƙirar fina-finan Transformers da suka fara fitowa a 2007, lokacin da Bumblebee ya koma Chevrolet Camaro. An cika jikinsu da ƙananan tarkacen ƙarfe har ido ya rasa inda zai sauka, kuma a abin wasa yawanci sai ka tarar ɓawon motar ne kawai ya lulluɓe mutum-mutumin.

Maman Yara, Ƙofar Sauri

Malam mai tambaya, ni da maigidana da ɗanmu muke tara namu, kuma akwai ma'aunin da ban ji an ambata ba, wato ko abin zai jure zama a ƙasarmu. Zafin bazara a Katsina da hasken rana suna mayar da farar roba ta zama ruwan ɗorawa, ƙurar hunturu kuma tana shiga mahaɗa ta ci su har su saki. Robar da ta fi ba da tsoro ita ce mai ruwan zinariya da aka yi amfani da ita a wasu na ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, wadda masu tarawa suka san tana rugurgujewa idan ta tsufa ko da ba a matsa mata ba. Gwargwadon yawan ƙananan mahaɗa a jikin abu, gwargwadon wuraren da zai iya karyewa, kuma a nan babu inda za ka je ka sayo sashe ɗaya da ya lalace.

Mun taɓa sayen wani mai matakai da yawa daga hannun wani mai talla a intanet, ashe jabu ne, a juyi na uku kafaɗarsa ta ɓalle. Tun daga ranar muke duba tambarin kamfani da shekarar da ake bugawa a jikin robar kafin mu biya. Namu a kabad mai gilashi suke, nesa da taga, kuma a siffar mota muke jera su a falo saboda wasu baƙi ba sa son ganin siffar mutum-mutumi a ɗaki. Wannan ya sa ni ma na karkata ga ra'ayin Baba, domin motar ce muke kallo kullum. Wanda ɗana ya fi ɗauka kuwa ba shi ne mafi tsada ba, wani ƙarami ne da yake iya juyawa da kansa ba tare da takardar bayani ba, kuma tun da ya gane yadda ƙofofinsa ke zama hannuwa ya fara gwada irin haka da kwali da kara.

Ɗan Ƙofar Marusa, Katsina

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maganar Hajiya ta sa na je na duba nawa, sai na lura cewa waɗanda nake yawan juyawa su ne waɗanda hannuna ya haddace matakansu, masu wuyar kuwa sun fi shekara ban taɓa su ba. Zan nemi MP-10, ko da yake hujjar ɗan'uwa ɗalibi game da cire hannuwa ta zauna mini, kuma daga yau ba zan ƙara sayen wanda sai an ɓalle masa wani sashe kafin ya rikiɗa ba. Baba Bakanike, saura tambaya ɗaya: ɗaya daga cikin na gwanjon nan ƙugunsa ya saki har ba ya iya tsayuwa, shin a ɗaure notin ne ko akwai wata dabara?

Bakanike, Daura

Idan mahaɗar mai noti ce, ɗaure shi kaɗan-kaɗan kana gwadawa, kada ka matse da ƙarfi domin tsohuwar roba tana tsagewa a bakin rami. Idan kuwa mai ƙwallo ce, zare ta a hankali, ka goge ƙurar da busasshen ƙyalle, ka shafa wa ƙwallon jan farce marar launi siriri, ka bar shi ya bushe sarai har kwana guda kafin ka mayar. Kada ka kusantar da man inji ko fetur gare shi.